Malama Rariya da Ciwon Gidanmu

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, amma ko ni in zan kwatanta ta ga baƙo sai in ce Malama Rariya, don da wannan sunan kowa ya san ta. Ita ce babba a gidanmu, ni ne auta. Akwai biyu a tsakaninmu da ba su rayu ba, shi ya sa tazarar ta yi yawa har ta goya ni. Ta koyar da ilimin halittu a sakandaren da ke ƙarshen layinmu tun ina saurayi har furfura ta fito mini. Ni kuma gyaran agogo nake yi, a wani ɗan shago kusa da tashar mota.

Babanmu tela ne, Allah ya jiƙansa. Shagonsa ɗaki ne a ƙofar gida, da keken ɗinki na ƙafa, da benci, da gwangwanin maɓallai wanda ba a yarda yaro ya taɓa ba. Tun da na yi wayo na san shi da wata irin tafiya: sai ya ɗaga gwiwa sama kamar mai tsallake kwata, ƙafar ta sauko da faɗi, fat, fat. Daga cikin gida muke gane dawowarsa. Kowa ya ce keke ne ya cinye masa ƙafa, shi ma haka ya ce. Da abin ya yi nisa har ya kasa taka keken, Yaya ce ke zama a gefensa in ta dawo makaranta, ta miƙa ƙafa tana taka masa, shi yana juya yadi. Innarmu ta ce wata rana Yaya na cikin takawa sai ta ɗago kai.

"Baba, teloli nawa ne a layin nan?"

Ya ce suna da yawa.

"To su don me keke bai ci ƙafarsu ba?"

Baba ya ce ta taka ta daina surutu. Takawar ta ci gaba da yi, surutun ne dai har yau ba ta daina ba.

Ta yi karatu ta zama malama, ta auri wani direban motar haya mai dogon zango, mutum mai raha da muke kira Yaya Direba. 'Ya ɗaya Allah ya ba su. Tun tana ƙarama yarinyar ba ta san tafiya ba sai gudu, har aka sa mata Barewa. Baba ya ga jikarsa, ya ɗinka mata riguna da hannu a zaune, sannan ya rasu tana aji biyu na firamare.

Sunan Rariya kuwa ɗalibai ne suka laƙaba wa Yaya, kuma na ga dalilin da idona. An kira ni gyaran agogon bango na ɗakin gwaje-gwajen makarantar. Ina bisa tebur ina kwance shi sai ga 'yan babban aji sun shigo, Yaya na bayansu da buhu a hannu. Ta yi kamar ba ta san ni ba. Ta zazzage buhun a kan benci: rariya biyu, da faranti, da kwano cike da wake da shinkafa da gishiri a gauraye. Rariya ɗaya ta tankaɗe ce, mai laushi. Ɗayar ta kwano ce, ta bi ɓulolinta ta faɗaɗa da ƙusa. Na gane su duka, don daga kicin ɗinta suka fito, kuma na ji Yaya Direba yana cigiyarsu.

Ta ce, "Jikinku ginin furotin ne. Tsoka, gashi, abin da ke ɗaukar iska a cikin jininku, duk furotin ne. Shi kuwa furotin sarƙa ce, ana jera ta da ƙananan tubala iri ashirin da ake kira amino asid. Kowanne da gurbinsa. In aka sa wani a gurbin wani, sarƙar na iya naɗewa ba daidai ba, aikinta ya lalace."

Ta zana wani dunƙule a allo. "Ga injin da ke jerawa, sunansa ribosom. Ku ji abin mamaki: injin nan ba ya duba kaya. Kowane tubali a kan ɗan dako ake kawo masa shi, kuma lambar da ke jikin ɗan dakon kaɗai yake karantawa. In lamba ta yi daidai, sai ya karɓi abin da ke kansa, ko mene ne. To in kaya suka iso ba daidai ba, laifin wa?"

Wani daga baya ya ce, "Na wanda ya ɗora!"

"Madalla. Mai lodi." A bakin mijinta ta tsinci kalmar. "Masu lodin nan wasu ma'aikata ne a cikin ƙwayar halitta da ake kira inzayim. Kowane tubali da nasa mai lodin. A jikinsa akwai aljihu da aka yanka daidai tubalinsa. Amma akwai tubala biyu, aisolusin da balin, kamar wa da ƙane, ƙanen ya gaza wan da ɗan kaɗan. Wanda ya fi aljihu girma ba zai shiga ba. Wanda ya gaza fa?"

Suka ce zai shiga.

Ta juye kwanon a rariya mai faɗi ta girgiza. Wake ya tsaya a sama, shinkafa da gishiri suka zube a faranti. "Ku ce shinkafa ce aisolusin, ita muke so. Manya sun tsaya. Amma ga gishiri ya biyo mu. Haka balin ke saɗaɗawa, kusan sau ɗaya a cikin ɗari da wani abu. Sarƙa ɗaya kuwa tana da ɗaruruwan tubala. In aka bari haka, guda nawa za su fito lafiya?"

Ta ɗauki rariyar tankaɗe, ta juye farantin a ciki, ta buga gefenta da tafin hannu. Gishiri ya yi ta zuba, shinkafa ta tsaya fes.

"Mai lodin yana da aljihu na biyu, ƙarami. Bayan ya ɗauki kaya sai ya kai su bakin wannan aljihun. Aisolusin ya fi ƙarfin ƙofar, sai ya wuce abinsa. Balin kuwa daidai da shi aka yi ta. Yana faɗawa ake yanke shi a jefar, a sake lodi. Da wannan dubawar ta biyu kuskure ke komawa ɗaya a cikin dubbai."

Wata yarinya ta ɗaga hannu. "Malama, ba ɓarna ba ce? An kashe ƙarfi an ɗora, a kuma zo a sauke?"

"Ana kashe ƙarfi kam, ba kaɗan ba. Jiki ya yarda da wannan wahalar, don in tubalin ya riga ya shiga sarƙa, babu mai komawa ya zare shi. Kuma yanzu da kike zaunen nan ana yin haka a kowace ƙwaya ta jikinki, ba ki sa kowa ba, ba ki gode wa kowa ba."

Ina tsaye a kan tebur da agogo a hannu har aka kaɗa ƙararrawa. Da ɗaliban suka fita ta ce, "Auta, kallo aka kira ka ko gyara?" Na ce ai ban taɓa sanin akwai masu lodi a cikina ba. Ta ce akwai, kuma sun fi ni zuwa aiki da wuri.

Shugaban makaranta ya sha yi mata ƙorafi cewa wannan zurfin ba ya cikin abin da ake tambaya a jarrabawa. Takan ce masa ta ji, ta kuma gama manhaja tsaf kafin kowa, sannan ta ɗauko buhunta. Duk shekara sai ta yi darasin nan. Akwai waɗanda suka manta komai na makaranta, amma in sun gan ta a kasuwa sai su ce, "Malama, gishiri ya zube?"

Ni abin ya fara mini ne daga ƙafa. Silifa kan zame in yi taku ban sani ba. Na koma sa takalmi mai igiya, ban gaya wa kowa ba. Daga baya ya hau hannu. Mai gyaran agogo da hantsaki yake aiki, yana ɗaukar ƙusoshin da ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Sai na ga hantsakin yana suɓuce mini. In ƙusa ta faɗi in durƙusa ina lalube a ƙasan tebur, mai agogo na tsaye a kaina. Na ce wa kaina gajiya ce, na ce ido ne, na je na yanko tabarau.

Wata rana da yamma Yaya ta biyo ta shago ta kawo agogon hannunta a sa batir. Na ɗauki abin buɗewa, na yi na yi murfin ya ƙi. Ba murfin ba ne, yatsuna ne suka ƙi matsewa. Tana kallo har na ajiye.

"Auta, miƙo hannunka."

Na miƙa. Ta juya shi, ta danna tsakanin babban yatsa da manuni, inda tsoka ta lotsa ta zama rami.

"Tashi ka je bakin ƙofa ka dawo."

Na je na dawo, ina ƙoƙarin ajiye ƙafa a hankali don kada ta yi ƙara. Ta yi ƙarar.

Ta ce, "To kai kuma wane keke ka taka?"

Ta ja kujerar masu jira ta zauna. Sannan ta ce Barewa ta sake gurɗewa a filin wasa, karo na nawa ke nan a zangon karatu ɗaya, kuma malamin wasanni ya ce gudunta ya ragu. A lokacin Barewa na babban aji a makarantar da uwarta ke koyarwa, kofunan tserenta sun cika saman kabad. Yaya ta ce ta duba ƙafar yarinyar, tafin ya yi doro sosai, yatsun sun fara lanƙwashewa.

Sai ta miƙe, ta tuɓe takalmi, ta dafa teburina. Ta yi ƙoƙarin tsayawa a kan dugadugai, ta ɗaga yatsun ƙafa sama. Suka ɗan motsa suka koma. Ta sake, haka.

"Ka gani? Daga Baba ba zai tsallaka ya faɗa kan Barewa ba sai ya bi ta wani. Ta kaina ya bi. Ni dai ya yi mini da sauƙi ne, shi ya sa ban lura ba."

Ta mayar da takalminta, ta ce in rufe shago in raka ta wurin Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ita kaɗai ta rage a cikinsu. Gwaggo na jin maganar ta tafa hannu ta ce dama ta sani, hannu aka sa wa zuriyar nan tun da daɗewa, kuma ta san wanda zai karya abin. Yaya ba ta yi mata musu ba. Ta gyara mata matashi, ta ce, "Gwaggo, Allah ya ƙara miki lafiya, wa kika fara gani da irin tafiyar Baba?" Gwaggo ta ce ai mahaifiyarsu tun ba ta tsufa ba take dogara sanda. Da wani kawunsu ma, wanda ake yi wa laƙabi da Tsallake. Yaya ta yi ta tambaya a hankali, wa ya haifi wa, wa ke tuntuɓe, wa ke zubar da kofi, har Gwaggo da kanta ta ce, "Ikon Allah, ashe abin a jini yake."

A babban asibiti muka samu wata likitar jijiyoyi, mace mai haƙuri da tambaya, kuma ta sha ta a wurin Yaya. Aka manna mana wayoyi a ƙafa da hannu, ana sakin lantarki kaɗan-kaɗan don a ga yadda saƙo ke bin jijiya. Na yi ƙara, Barewa ta yi mini dariya, ta ce Kawu ya ba da maza. Likita ta ce ciwo ne na jijiyoyin ƙafa da hannu da ake gado. Sunansa na wasu likitoci uku ne a haɗe, har yau harshena bai iya shi ba. Ta ce ba ya kisa, ba ya taɓa hankali, amma a hankali yake ci, kuma babu maganin da ke warkar da shi tukuna. Iri-iri ne, sai an duba jini za a san namu. Aka ɗibi jininmu mu uku aka aika wani ɗakin bincike mai nisa.

Mun daɗe muna jira, har na cire rai. Ranar da sakamako ya zo, Yaya Direba ya ajiye aiki ya kai mu. Likita ta fara bayani da lallashi, irin wanda ake yi wa wanda bai san komai ba. Ta ce a cikin ƙwayar halitta akwai wasu inzayim da ke ɗora amino asid a kan abin da ke kai su wurin haɗa furotin, kuma a danginmu an samu canji a umarnin gina ɗaya daga cikinsu, wanda ke kula da wani tubali mai suna alanin.

Yaya ta dafe baki. Sai ta fashe da dariya, har likita ta tsaya tana kallonmu. Dariyar ba ta ƙare ba hawaye suka biyo. Yaya Direba ya miƙa mata hankici, ya ce, "Likita, ki yi haƙuri. Mutumin da kika ambata, shekara da shekaru matar nan take kawo mana shi gida. Ni dai tun a tasha nake faɗa, duk rigimar duniya daga masu lodi take."

Da ta natsu ta ce, "Likita, dubawar ta biyu ce ta lalace? Yana barin kuskure na wucewa?"

Likita ta gyara zama, ta ga da wa take magana. Ta ce ba lallai ba ne. Akwai cututtukan da ake danganta su da lalacewar wannan dubawar, amma a irin namu masana ba su gama gane yadda canjin ke cutar da jijiya ba, kuma ba su san dalilin da ya sa dogayen jijiyoyi ne ke fara shan wahala ba. Yaya ta ce, "To ba zan ce na sani ba ke nan." Ta roƙi a ba ta abin da za ta karanta.

Muna isa gida Barewa ta tsaya a tsakar ɗaki, ta kalli uwarta.

"Mama, ke kika ba ni?"

"Ni ce. Ni ma Baba ya ba ni, shi ma uwarsa. Babu wanda ya sani a cikinmu."

"Ke da kike koyar da abin?"

"Ina koyar da shi, ban san yana gidana ba."

Barewa ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ta yi makonni ba ta yi wa uwarta magana sai gaisuwa. Ta kwashe kofunan ta zuba a kwali. Yaya ba ta bi ta da wa'azi ba, ba ta kuma ce mata komai zai wuce ba, tunda ta san ba zai wuce ba. Ta je aka auna musu abin roba mai riƙe idon sawu, wanda ake sawa a cikin takalmi. Ita ba ta kai ga buƙatarsa sosai ba, amma ta sa nata ta fita da shi makaranta, a gaban ɗalibai da malamai. Kullum da safe ta shimfiɗa tabarma a falo ta yi motsa jikin da aka koya mana, ta bar wuri a gefenta. Wata safiya sai ga Barewa ta fito ta zauna a wurin, ta ce, "Ba haka ake miƙe ƙafar ba, Mama, kina yi kamar mai shanya."

Dangin Yaya Direba sun yi 'yan maganganu, wai an kawo musu ciwo cikin zuriya. Ya bar su suka gama, ya ce shi a gidansu an gaji sanƙo da taurin kai, kuma bai ji wanda ya nemi afuwar matarsa ba. Daga nan maganar ta mutu.

Innarmu ce ta ƙarshe da aka gaya wa. Yaya ta zauna a bakin gadonta ta yi mata bayani dalla-dalla. Inna ta saurara, ta juya ta kalli kusurwar da tsohon keken Baba yake a lulluɓe, ta ce, "Ashe na yi ta zagin bawan Allah nan a banza." Muka yi dariya, ita ma ta yi. Daga baya ta ce da malam ya sani, da ya daina cewa shi ya kashe ƙafarsa da son aiki.

Karatun da Yaya ta yi a kan mai lodin alanin ya zo mata da abin da ba ta zata ba. Shi ma yana da aljihu na biyu, yana dubawa yana yankewa. Amma tubala biyu ne ke ruɗa shi. Ɗaya gilaisin, wanda ya gaza alanin, wannan ba abin mamaki ba ne. Ɗayan kuwa serin, wanda ya fi alanin girma, kuma duk da haka yakan samu shiga. A lissafin rariyarta, wake ne ya ratsa ɓular da aka yi don shinkafa. Barewa ce ta ba ni labarin yadda aka yi a ajinsu. Ta ce Mama ta yi darasin kamar kullum, gishiri ya zube, kowa ya ji daɗi, sai ta ajiye rariyar ta ce, "Abin da na nuna muku gaskiya ne ga aisolusin da balin. Amma kada ku fita ku ce duk masu lodi da girma kaɗai suke tantancewa. Akwai wanda babba ke shige masa, don ba girma kaɗai aljihu ke ji ba, har da yadda tubali ke manne wa bangonsa. Ni ma bana na sani." Wani ya ce to a jefar da rariyar mana. Ta ce a'a, a riƙe ta, a dai san inda ta tsaya.

Ni kuwa sana'a ta gagare ni. Na mayar wa mutane agogunansu, na koma sayar da batir da madauri. Sai in wuni a shago ba na son magana da kowa. Yaya ba ta taɓa ce mini in yi haƙuri ba. Takan biyo bayan an tashi makaranta, ta zauna ta cika ni da labarin ɗalibai har in gaji in kore ta. Da ta yi ritaya sai ta zo da wata tsohuwar kwamfuta ta dire a teburina.

"Zan riƙa ɗaukar darussa da murya, da harshen gida, a tura wa yara a waya. Ni ban iya na'ura ba. Kai ne mai kunnen jin agogon da ya yi latti, kai za ka gyara."

Na ce hannuna fa. Ta ce ta tambaya, akwai linzamin kwamfuta babba da ake juyawa da tafin hannu, Barewa ta riga ta sayo. Ba shawara ta zo nema ba.

Haka muka fara, a ɗakinta, da bargo a rataye a taga don ƙarar titi. Aiki da Yaya sai mai juriya. In zakaran maƙwabta ya yi cara, a sake. In ta ce dubu a inda ya kamata ta ce dubbai, a sake, ko da na rantse mata babu wanda zai lura. Amma darussan sun yi tafiya fiye da yadda muka zata. Malamai na tura wa ɗalibai, ɗalibai na tura wa iyaye. Barewa, wadda yanzu injiniya ce a hukumar ruwa, da mijinta da ɗanta, ita ke amsa saƙonnin da suka fi ƙarfinmu. Kafin aurenta ita da kanta ta zaunar da saurayin ta gaya masa komai, har da cewa duk ɗan da za su haifa yana iya gada, yana iya tsira. Ya ce ya ji, ya je ya yi tunani, ya dawo.

Darasi ɗaya ne Yaya ta nemi izininmu kafin ta ɗauka, wanda ta ba da labarin ciwon gidanmu. Ba ta ambaci kowa ba, ta dai kwatanta tafiyar, da silifa mai zamewa, da hannu mai lotsawa. Ta faɗi abin da aka sani, ta faɗi abin da ba a sani ba. Ba a jima ba wani mutum ya kira, ya ce shi makaniki ne, ya ji darasin a wayar 'yarsa, kuma kamar shi ake kwatantawa, shi da 'yar da yayansa. Ya ce, "Malama, ciwon ke nan ko?"

Ta ce, "Ni malama ce, ba likita ba. Abubuwa da yawa na kawo irin wannan, wasu ma ana warkewa. Ka je a duba ka."

Ya ce shi asibitin nan tsoro yake ba shi, bai san ƙofar da ake bi ba, kuma in likita ya fara magana ba ya gane komai. Ta ce ya zo ranar da likitocin jijiya ke ganin mutane, zai same ta a bakin ƙofa. Tana ajiye waya ta ce in shirya, ni ma za ni.

Mun same shi a can da 'yarsa, yana ta murza hula a hannu. Yanzu Yaya da sanda take tafiya, ta ƙarfe mai ƙafar roba. Ta gaishe shi, ta tambayi yarinyar ajinta da darasin da ta fi so, ta gaya musu za a manna musu waya a saki lantarki, akwai ɗan zafi, kuma in sun yi ƙara ba komai, ga wanda ya riga su. Ta nuna ni. Yarinyar ta yi dariya, uban ma ya ɗan saki fuska. Muka shiga tare, a hankali, don duk cikinmu babu mai sauri.